Ranar da Muryata Ta Kira Baba Idi Ɓarawo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ji muryata tana tashi daga aljihunan mutane ba, alhali ni ina tsaye a gabansu riƙe da makirufo, bakina a rufe. Ko yanzu idan wayar wani ta yi ƙara a cikin taro sai na ji gabana ya faɗi. Matata ta ce ciwo ne, in nemi magani. Na ce mata maganinsa ɗaya ne, a daina gayyata ta taro.

Bari in fara da gaskiya a kan kaina: ina da murya. Wannan ba yabon kai ba ne (to, yabon kai ne, amma ai gaskiya ce). Tun muna sakandare ni ke karanta labarai a gaban ɗalibai da safe, kuma da ba don mahaifina ya dage sai na karanta kwamfuta ba, da yanzu a rediyo kuke jin ni. Na gama karatu, na yi hidimar ƙasa, na zauna a Katsina ina saka wa mutane manhaja a waya, har Allah ya haɗa ni da Injiniya Binta ta ɗauke ni aiki.

Injiniya Binta 'yar Jibiya ce. Ta yi karatu mai zurfi, ta yi aiki a manyan wurare a kudu, sai wata rana ta tattara ta dawo gida ta buɗe ɗan ofis a bayan kasuwa. Gajeruwa ce, ba ta ɗaga murya, ba ta maimaita magana. Idan kana yi mata bayani sai ta zuba maka ido ta saman gilashi, ka yi ta zuba har ka gano da kanka cewa ba ka san abin da kake faɗa ba. Na yi aiki da mutane da dama bayanta, amma wallahi ban sake ganin mai kai irin nata ba.

Aikin da ta karɓo na wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Sale, mai fataucin aya. Motocinsa na ɗauko aya daga kasuwannin ƙauyukan Maraɗi, su tsallako boda a Magama, su tsaya a filin sitonsa, daga nan su wuce Kano. Duk wannan hidima a kan Alhaji take, da wayoyinsa da ba sa hutawa. Shi zai kira ya ji ko an yi lodi, shi zai kira ya ji ko 'yan duwan na wancan tsallaken sun saki mota (haka suke kiran kwastam a can), shi zai kira Kano ya ce a shirya 'yan dako. Girma ya fara kama shi, yana son abin ya riƙa tafiya ko ba ya nan.

Sai Injiniya ta zana masa tafiyar aikin tun daga farko har ƙarshe. Zane ne na akwatuna da kibiyoyi: akwatin lodi, kibiya ta tafi akwatin boda, daga nan akwatin filin sito, sai akwatin tashi zuwa Kano. Irin wannan zane mun sha yin sa a makaranta, mu manna a bango, ya zauna nan har rana ta cinye launinsa. Amma nata daban ne. Nata, kwamfuta ce ke karanta shi ta aiwatar. Idan aka gama wani mataki, ita da kanta za ta buɗe na gaba, ta kira wanda ya kamata, ta gaya masa abin yi.

Sai dai zane shi kaɗai makaho ne. Ya san bayan lodi sai boda, amma bai san wace mota ba, wane direba, buhu nawa, lambar wa za a kira. Sai an haɗa shi da bayanai. Wannan haɗin shi ne aikina. Ranar da ta ba ni, ta ce, "Kowane akwati ka yi masa tambaya biyu. Me yake karɓa? Me yake canzawa kafin ya miƙa wa na gaba? Kar ka amsa daga nan kujerar, ka je wurin ka gani da idonka."

Na ce, "An gama, Injiniya." (Ina yawan cewa an gama tun ba a fara ba.)

Na je boda, na je wurin lodi har cikin Nijar, na sha shayinsu mai ɗaci na dawo ina cewa "bonju" kamar a can aka haife ni. Filin sito ne ya rage. Na zaɓi ranar Juma'a, saboda ina da sabuwar farar shadda da nake son a gani a masallacin Magama. Na isa dab da azahar. Filin shiru, motoci a ajiye, leburori duk sun tafi wanka da shirin masallaci. Can baya na hango tudun yashi da tsakuwa, na ce a raina Alhaji zai yi gini. Ban ƙarasa ciki ba don kar shaddata ta yi ƙura. Na dawo ofis na buɗe akwatin filin sito na rubuta: yana karɓar mota da kayanta, ba ya canza komai, wurin jira ne kawai.

Injiniya ta tambaye ni, "Ka je filin?"

"Na je."

"Ka ga aikin?"

"Na ga komai," in ji ni. Kuma har ga Allah a lokacin haka na ɗauka.

Akwai wani ƙaramin akwati da ta saka kafin tashi zuwa Kano. Aikinsa ya duba yawan buhunan da aka ɗora a Nijar da yawan da ke kan mota a bakin ƙofar fita. Idan sun yi daidai, mota ta wuce. Idan ba su yi ba, a sanar. Abin da ta rubuta ke nan, "a sanar", ta bar mini yadda za a tsara sanarwar. Da yake yawancin direbobi da 'yan kasuwa ba sa buɗe saƙon rubutu, aka yanke cewa na'urar ta riƙa kiran waya da murya, ta kuma bar saƙon a wayar don a iya sake ji. Kun dai san wanda ya ɗaga hannu.

Kai, na ji daɗin aikin nan! Na rufe kaina a ɗaki, na toshe taga da bargo, na naɗi sunan kowane direba ɗaya bayan ɗaya yadda na'ura za ta jona shi a cikin jimla. Saƙon nasara na yi shi da fara'a. Da na zo kan saƙon matsala kuwa, sai ɗan rediyon da ke cikina ya motsa. Na ga "a sanar" ya yi sanyi da yawa. Na gyara zama, na kumbura ƙirji, na ce: "Hattara! Hattara! Kaya sun salwanta a hannun direba wane. A dakatar da mota!" Na saurara, na sake saurara, har tsigar jikina na tashi. Da muka yi gwaji a ofis saƙon bai taɓa fita ba, domin bayanan gwajin ni na ƙirƙiro su, kuma a duniyar da na ƙirƙiro buhu ba ya raguwa.

Alhaji ya ce sai an yi taron buɗewa. Aka kafa rumfa a filin sito, aka jera kujeru, aka gayyato abokan cinikinsa na nan da na tsallake, da shugabannin tasha. Motar da za a fara da ita kuwa babu wanda ya yi musu: ta Baba Idi.

Baba Idi ya fara jan babbar motar Alhaji tun ba a haife ni ba. Dogo ne, farin gemu, kullum da carbi a rataye a madubin mota. A harkar nan direba ba shi da wani jari sai sunansa. Ana ɗora masa dukiyar mutane a ƙauyen da ko sabis babu, ya yi tafiya shi kaɗai, ba mai ganinsa sai Allah. Ranar da aka fara cewa "anya wane?", ranar ya gama aiki, ko da ba a kama shi da komai ba. Shi Baba Idi, a duk tsawon shekarun nan, ko tiya ɗaya ba a taɓa nema a hannunsa an rasa ba. Har misali ake yi da shi a tasha.

Sai na kawo wata dabara, don burgewa. Na ce me zai hana a saka lambobin duk baƙin da aka gayyata, yadda idan motar ta tashi wayoyinsu za su yi ƙara tare, su ji saƙon nasara? Injiniya ta ce ba laifi, saƙon nasara kawai. Ni kuma garin sauri na liƙa lambobin a jikin lodin gaba ɗaya. Ma'ana duk abin da na'ura za ta faɗa a kan lodin nan, mai daɗi ko marar daɗi, kowa zai ji.

Ranar ta zo. Ni ne mai gabatarwa, ba sai an faɗa ba. Na yi bayani har da karya harshe, na ce yau Jibiya ta shiga sabon zamani. Baba Idi na zaune a cikin mota da sabuwar hula, inji na aiki, kaya a ɗaure tsaf. Na ce, "Jama'a, kowa ya fito da wayarsa!" Akawun sito ya ƙirga buhunan da ke kan mota, ya shigar a wayarsa, ya danna.

Wayoyi suka ɗauki ƙara a lokaci ɗaya. Mutane na dariya suna mamaki, wasu suka saka a lasifika don na kusa su ji. Na ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci zaɓe.

"Hattara! Hattara! Kaya sun salwanta a hannun direba Baba Idi. A dakatar da mota!"

Daga gaba, daga baya, daga aljihun Alhaji, daga jakar Injiniya. Muryata ce, ras, babu ko shaƙewa. Ban taɓa jin na yi kyau kamar ranar ba, kuma ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba. Wani dattijo daga Maraɗi ya dubi wayarsa, ya dube ni, ya sake duban wayar, ya ce da ƙarfi, "A'a, wanga ba kai ba ne?"

Kun san abin da na yi? Na kai makirufo baki na ce, "Jama'a, a yi haƙuri, matsalar sabis ce." Sabis! Sabis ne ya ari muryata ya kira sunan mutum. Ko ni da na faɗa ban yarda ba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai muni. Sai ƙus-ƙus ya fara tashi a bayan rumfa. Na ji wani yana cewa, "Inji fa ba ya ƙarya." Wani ya ce, "Mutum sai Allah." Alhaji Sale ya juya ya dubi motar, kallo na ɗan lokaci kaɗan, irin na mai lissafi a zuci. Na ga kallon. Baba Idi ma ya gani.

Ya kashe mota. Ya sauko a hankali, ya tako har gaban teburin Alhaji, ya ajiye makulli. Ya ce, "Alhaji, ga amanarka." Bai ɗaga murya ba. Ya koma gefe ya tsaya a rana, hannu a baya.

Ni dai ina tsaye ina addu'ar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji an zare makirufo daga hannuna. Injiniya ce.

"Baba, don girman Allah ka ba ni lokaci kaɗan," in ji ta. "Kowa ya zauna. Ba wanda zai bar nan sai mun san abin da ya faru."

Ba ta kashe na'ura ba, ba ta rufe kwamfuta ba, ba ta ce za mu bincika daga baya ba. Sai ma ta juyo da zanen a babban allo yadda kowa zai gani. Ta bi akwatunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa da Hausa garau abin da kowanne ya karɓa da abin da ya miƙa. Da ta zo kan filin sito ta tsaya. Ta karanta abin da na rubuta, "ba ya canza komai". Ta ɗago kai ta dubi tudun yashin nan na baya. Ta dubi buhunan da ke kan mota. Sannan ta dube ni ta saman gilashi, sau ɗaya tak.

Ta kira akawu. "Malam, buhunan da aka ɗora a can, su ne waɗannan?"

"A'a, ranki ya daɗe. Na can ƙanana ne, na ƙauye. Nan ake zazzage su a rairaye, a cire yashi da tsakuwa, a ɗura a manya."

Kowa a rumfar nan ya san haka. Aya daga ƙasa ake tono ta, da yashinta take zuwa, kuma Kano ba a karɓar ƙaramin buhu. 'Yar talla ma ta sani. Abin da ya ruɗe su shi ne sun ɗauka injin da aka yi wa wannan rumfa ai ya riga ya san da rairaya, ya cire ta, ya ga har yanzu kaya ba su cika ba. Ba su san injin ba ya sanin komai sai abin da mai farar shadda ya gaya masa ba.

Injiniya ba ta tsaya a bayani ba. Ta sa 'yan dako suka ɗauko ƙananan buhuna daga wata motar da ba a taɓa ba, aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar rumfa, aka kawo rariya. A gaban manyan baƙi da manyan riguna aka rairaye ayar nan, ƙura na tashi, yashi na zuba gefe. Aka ɗura a babban buhu. Ƙananan da aka kawo duk suka shige ciki, bai ma cika ba.

"Kun gani," ta ce. "Baba Idi bai taɓa ko ƙwaya ba. Mu ne muka gaya wa na'ura cewa a filin nan mota hutawa kawai take yi. Sai ta ƙirga ƙanana a can, ta ƙirga manya a nan, ta ce ba su yi daidai ba. Laifinmu ne, kuma ni na sa hannu aikin ya fita."

"Mu", ta ce. Da ta ce "shi", da ba wanda zai ga laifinta, kuma da na ɗan sami abin jin haushi in rage zafi. Wannan "mu" ɗin ya fi mari ciwo.

Nan take ta zauna ta gyara, allo a buɗe kowa na kallo. Ta sa akwatin filin sito ya rufe ƙirgar ƙananan buhuna tun lokacin da mota ta shigo, a gaban direba, a nan amanarsa ta farko ta ƙare. Bayan rairaya sai a buɗe sabuwar ƙirga ta manyan buhuna, da ita za a yi masa hisabi a Kano. Ta tambayi Alhaji da shugaban tasha ko haka ake yi, suka ce haka ne. Ta cire lambobin baƙi daga jikin lodin, ta bar musu saƙon nasara kawai. Sannan ta ƙara wani akwati da babu shi da farko: duk saƙon da zai ambaci sunan mutum da zargi ba zai fita ba sai ɗan Adam ya duba ya amince. Saƙona na "Hattara" kuwa ta goge shi ba tare da ta ko dube ni ba. Akawu ya sake dannawa. Wayoyi suka yi ƙara, muryata ta ce kaya sun cika, Allah ya kiyaye hanya. Aka yi tafi. Dattijon Maraɗin nan ya ce, "Wagga ɗiya ta iya aikinta."

Na ɗauka an gama. Alhaji ya tashi da kansa, ya ɗauki makulli ya kai wa Baba Idi, yana ba shi haƙuri. Baba Idi bai miƙa hannu ba.

"Alhaji, ku nan kun ga rariya," ya ce. "Wadda ke gida mi ta gani?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Direbobin boda layi biyu gare su. Idan za su tsallaka sai su riƙe na Nijar, na Najeriya kuma su bar shi a gida a hannun iyali. Lambar da na saka wa Baba Idi ta Najeriya ce. Muryata ta shiga har tsakar gidansa ta gaya wa matarsa cewa kaya sun salwanta a hannun mijinta.

Na matsa kusa da Injiniya na raɗa mata, "Ai saƙo na biyu ma ya je mata."

Ta ce, "Na biyun ya ce kaya sun cika. Bai ce na farkon ƙarya ba ne. Ɗauko hularka."

Bayan la'asar muka isa gidan, cikin garin Jibiya, ni da ita da Baba Idi. Tun daga nesa na ga ba lafiya. Mata na shiga suna fita, maza sun tsaya jefi-jefi a bakin lungu suna yi kamar ba mu suke kallo ba. Ashe da Inna Hajo, matarsa, ta ji saƙon, salati ta saka da ƙarfi, maƙwabta suka shigo, ta sake kunna musu don ta tabbatar kunnenta ne ko ba nata ba. Kafin azahar labari ya zagaye unguwa, har ya ƙaru da cewa an tsare shi a boda.

Baba Idi ya shiga, Injiniya ta bi shi. Ni na tsaya a zaure na yi sallama a hankali.

Sai na ji muryar tsohuwa: "Tsaya. Sake sallamar nan."

Na sake.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Kai ne na cikin waya!"

Ta fito bakin zaure da mayafi, idanunta jajur don kuka. Na durƙusa har ƙasa. Na fara bayani, ina haɗiye rabin kalmomi: "Inna, kuskure ne aka samu wajen haɗa bayanai da..."

"Ban san wannan ba," ta katse ni. "Ɗan nan, mi Malam ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba, Inna."

"Ya ɗauki kayan wani?"

"Bai ɗauka ba," na ce, can ƙasan maƙoshi.

"Ni ban ji ba. Ɗazu da kake ɓata shi har bayan katanga an ji ka. Yanzu da za ka wanke shi sai ka koma kamar mai zazzaɓi? Tashi ka fita waje. Da waccan muryar ta waya nake so."

Na waiga wajen Injiniya ko za ta cece ni. Ta gyara gilashinta tana kallon rufin zaure.

Haka na fita ƙofar gida. Mutane suka matso, mata suka leƙo ta kan katanga. Na gyara tsayuwa, na kumbura ƙirji, na kira ɗan rediyon nan da ya jefa ni a wannan hali, na ce: "Hattara! Hattara! Baba Idi bai ci amanar kowa ba! Kaya sun cika cif! Wanda ya ce sun salwanta ni ne, kuma ban san abin da nake faɗa ba!"

"Ƙara," in ji Inna Hajo daga zaure. "Na ƙarshen lungu ba su ji ba."

Na ƙara. Na juya gabas na faɗa, na juya yamma na faɗa. Lungu ya kece da dariya, har wata tsohuwa na riƙe ciki tana cewa a ba ni ruwa. Na juya na ga Baba Idi a bakin ƙofa. Shi bai yi dariya ba. Yana bin fuskokin maƙwabtansa da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya haɗa ido da shi sai ya ce, "Allah ya ƙara rufa asiri, Malam." Sai da ya gama da su kaf sannan ya miƙa hannu wajen Injiniya, wadda Alhaji ya ba makullin ta taho da shi. Ta saka masa shi a tafinsa da hannu biyu.

Ya dube ni. "Ɗana, muryarka na da kyau," ya ce. "Ka riƙa sanin inda kake aika ta."

Washegari da safe ya ja motarsa ya tafi Kano.

Na shiga ofis ina jiran takardar sallama. Injiniya ta kira ni. Ta miƙo mini tsohuwar riga ta leburori, ta ce filin sito na jira na, in yi mako ina rairaya, in dawo in gaya mata abin da akwatin ke canzawa. Na yi. Yashin aya ya shiga mini hanci da kunne da wuraren da ba zan faɗa ba.

Har yau ina wannan sana'a, ina haɗa bayanai da zane don na'ura ta yi aiki ba tare da jiran kowa ba. Amma kafin in bar ta ta faɗi wata magana a kan mutum, sai na tambayi kaina ko zan iya tsayawa a ƙofar gidansa in faɗe ta da ƙarfi, matarsa na zaure tana saurare. Idan ba zan iya ba, na'ura ma ba za ta faɗa ba. Na riga na gwada tsayuwar nan sau ɗaya, kuma Inna Hajo ba ta yarda da ƙaramar murya.